Amsoshin Tambayoyinku: Injin Iska da Na Walda a Jikin Mota

Wasiƙun wannan makon kusan duk a wuri ɗaya suka haɗu: masu motocin da ke shiga daji, inda babu mai faci balle mai walda, suna so su haɗa wa kansu injin iska da na walda a jikin mota. Na zaɓi biyar.

Tambaya: Ina da tsohuwar a-kori-kura da nake shiga gona da ita. Esinta ya daɗe da mutuwa, amma kwamfuresar tana nan. An ce min ana iya mayar da ita injin ba taya iska. Da gaske ne?

Da gaske ne, Malam, kuma in an yi aikin daidai ta fi ƙananan famfunan lantarki nesa ba kusa ba, tunda injin motar ne ke juya ta da bel. Sai dai ka fara duba wace iri ce gare ka. Akwai York, musamman samfurin 210, da ta zo a tsofaffin motocin Ford da Volvo da Jeep na shekarun 1970 da 1980. Mai kusurwa huɗu ce, fistin biyu gare ta, kuma tana da ma'ajiyar manta a ƙasa kamar ƙaramin inji. Ita ake nema. Mai siffar gwangwani irin Sanden kuwa, man da ke yawo tare da gas ɗin esi shi ke jiƙa ta. Ranar da ka zubar da gas, ka raba ta da mai ke nan. In ba a sa mata abin ɗiga mai a bakin da take shaƙar iska ba, za ta yi zafi ta cije, ta tsinka maka bel a tsakiyar daji. Ka sa mata matatar ƙura a mashiga, da abin tace mai a mafita, sannan makunnin matsi da zai kashe kulocinta in geji ya kai fam 120, ya sake kunnawa in ya sauka wajen 90. Tayar ƙaramar mota fam 30 zuwa 35 take sha, ka ga ba ka da dalilin neman fiye da fam 120.

Tambaya: Na gama haɗa kwamfuresa, saura tukunyar ajiye iska. Ina da tsohuwar tukunyar gas ta girki, mai walda ya ce zai huda ya liƙa mata baki. Abokina kuma ya ce farin bututun roba na ruwa ma ya isa. Wanne ya fi sauƙi?

Ƙanena, ajiye duka biyun, ka zauna mu yi magana, don wannan tambaya ita ce ta fi yawan zuwa min kuma ita ta fi tayar min da hankali. Mutum zai kashe kuɗi a kan kwamfuresa da tiyo da geji mai ƙyalli, sai an zo kan tukunya, wadda ita ce za ta iya kashe shi, a nan yake neman banza.

Ka san me fam 120 ke nufi? Sama da kilo 8 ne a kan kowane santimita murabba'i. Tukunyar da faɗin gindinta santimita 25 ne, ƙarfin da ke tura wannan gindin kaɗai ya kai tan 4. Ruwa in ya fasa abu tsiyaya yake yi ya tsaya, domin ba ya matsuwa. Iska kuwa tana matsuwa, ta tara ƙarfi, in ta samu kafa ta fito gaba ɗaya. Shi ya sa masu ƙera tukwanen gaske da ruwa suke gwada su, ba da iska ba. Farin bututun nan na roba don ruwa aka yi shi. Rana da man kwamfuresa suna busar da shi, kuma ba tsagewa yake yi a hankali ba, tarwatsewa yake kamar kwalba, ɓaraguzan su shiga fuska da wuya. Abokinka bai san abin da yake faɗa ba.

Tukunyar gas kuma, ƙarfenta ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne ragowar gas da ke kwance a ciki ko da ka buɗe ta ka ji shiru, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ba ya fita da kansa. Mai walda ya kai mata wuta, shi da kai da duk wanda ke tsaye kusa kuna cikin haɗari ɗaya. In ma Allah ya tsare wannan, ba ta da mazubar ruwa a ƙasa. Duk iskar da aka matse tana barin raɓa. Na taɓa ganin wata tukunyar iska da aka yanka biyu: daga waje fenti sumul, ciki kuwa jan ruwa ne kwance da ɓawon tsatsa da ake ɗiba da hannu, gindin ya siraranta har sukudireba na lotsa shi. Mai ita a ƙarƙashin kujerar zamansa ya ɗaure ta.

Abin da za ka nema shi ne tukunyar birkin iska ta manyan motoci, mai lafiya, ko sabuwa da aka buga mata iyakar matsinta a jiki. Don wannan aikin aka ƙera su, kuma suna da mazubar ruwa. Kada a taɓa jikinta da walda, da maɗauri za a kama ta. Ka sa bawul mai hana iska komawa baya, ka sa bawul ɗin tsaro da zai saki iska da kansa in makunni ya maƙale. A nan ma ka buɗe ido, jabu sun cika kasuwa: bawul ɗin da babu lambar matsi a jikinsa, ko ka ja zobensa ka ji ya ƙi motsi, mayar wa mai shi. Araha ba ta ado, a wannan wurin kuma har jini take zubarwa. Duk ranar da ka yi aiki da ita, buɗe mazubar ka zubar da ruwan.

Tambaya: Bakanikena ya ce zai iya gyara altanetar motata ta riƙa yin walda. In yarda?

In wadda ke cajin batirin motarka yake nufi, kada ka yarda, Alhaji. Ga yadda abin yake: altaneta tana da wani ɗan mai tsaro da ke riƙe wutarta a wajen bolt 14. Don ta yi walda sai an tsallake shi, daga nan kana taka totur wutar na hawa har ta haura bolt 60. Wannan wutar in ta bi wayoyin mota, batir da ƙwaƙwalwar mota da fitilu duk sun tafi. Masu yin abin da hankali altaneta ta biyu suke ɗaurawa, da nata bel da nata wayoyi, ba ruwanta da sauran motar. Sandar walda mai kaurin milimita 2.5 tana son amfiya 60 zuwa 90, don haka ƙaramar altaneta ba za ta jure ba, dayod ɗinta, wato ƙananan kayan cikinta masu tilasta wa wuta bin hanya ɗaya, su ne za su fara ƙonewa. Ko babbar ce, ɗan liƙi ake yi a huta.

Ka kuma kankare bakin wayar walda da wuƙa kafin ka biya. In jan ya kau fari ya bayyana, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, kuma wajen kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka kawai yake iyawa, sauran ya zama zafi a hannunka. In a jikin motar za a yi liƙin, a cire kan batir, a kama wayar ƙasa dab da wurin aikin, a yi nesa da tankin mai. Liƙin daji na a lallaɓa a kai gida ne. Sitiyari da birki kuwa ban yarda a liƙa su a bakin hanya ba ko kaɗan.

Tambaya: Maigidana yana jera batir 3 ya yi walda in mota ta lalace masa a hanya. Jiya da dare ya tashi idanunsa sun yi ja suna zubar ruwa, ya ce kamar an zuba masa yashi. Hankalina ya tashi.

Sannu, 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya, kuma kin kyauta da kika rubuto. Hasken walda ne ya ƙona masa saman ido. Yakan ɗauki awa 6 zuwa 12 kafin ya taso, shi ya sa da dare yake kama mutum, kuma galibi cikin kwana 1 zuwa 2 yake warkewa. Ya zauna a wuri mai duhu, ki ɗora masa tsumma mai sanyi a kan rufaffen ido, kada ya murza, kada kuma a ɗiga masa komai sai abin da likita ya rubuta. In zafin ya yi tsanani, ko ganinsa ya dusashe, ko ya wuce kwana 2, a tafi asibiti, domin wataƙila ɗan ƙarfe ne ya maƙale. In ya warke ki lallashe shi ya sayi garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko 11, baƙin tabarau bai isa ya tare hasken walda ba. Batiran nan kuma suna fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa batir ya watsa masa asid. Ya sauke su daga mota, ya ajiye su nesa iya tsawon waya, ya kange su daga tartsatsi.

Tambaya: Zan iya jona injin walda na inbata a ramin kunna sigari na mota?

A'a. Fis ɗin ramin nan amfiya 10 zuwa 15 ne, injin walda kuwa in daga batirin mota zai sha, sama da amfiya 250 zai ja. In ka canza fis ɗin da babba, wayar ce za ta kama wuta a bayan dashbod. Nemi janareta mai ƙarfin kilowat 5 ka ɗora a bayan mota.