An gayyace ni gwajin maganin barci, in shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila, wata takwas ke nan barci ya ƙaurace wa idona, har ƙarfe ukun dare ina juyi a gado. Wani asibiti ya gayyace ni gwajin sabon magani, amma da na tuna abin da ya faru a Kano sai gabana ya faɗi. Ƙawata kuma ta ce in sayi ƙwaya ta intanet in huta. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Tsoronki yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, an yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a Kano, kusan rabinsu aka ba shi, iyaye da dama kuma suka ce ba a nemi yardarsu ba. Saboda haka takardar amincewar da za su ba ki, ki kai ta gida ki karanta a tsanake, kada ki sa hannu a tsaye. Ko kin shiga, kina da ikon fita duk ranar da kika ga dama.

Ki tambaye su gwajin yana mataki na nawa, don na uku ya fi na farko kwanciyar hankali, an riga an san maganin a jikin mutane. Ki kuma sani ana iya ba ki ƙwayar da babu magani a cikinta, ke da likitan ba wanda zai sani sai an gama. Wasu dararen a ɗakin bincike za ki kwana, da wayoyi manne a fatar kanki suna auna barcin. Ta haka aka gwada wani maganin barci mai suna daridorexant tsawon wata uku kafin Amurka ta amince da shi a 2022. Aikinsa toshe sinadarin orexin da ke hana ƙwaƙwalwa runtsawa. In kina da juna biyu ko kina shayarwa, ki faɗa tun farko.

Ƙwayar intanet kam, don Allah kada ki saya. Ko zolpidem, maganin barcin da likita ke rubutawa, a 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu na tashi su tuƙa mota cikin barci, balle wadda ba ki san tushenta ba.

Kafin komai, ki nemi likitanki ya tura ki CBT-I, horon gyara tsarin kwanciya da tunanin dare. A Ingila shi ake fara gwadawa kafin a rubuta wa mutum daridorexant.