Ɗana yana zuwa sa hannu a caji ofis: anya zai shiryu?

Tambaya: Anti, ɗana mai shekara 15 aka kama shi da wayar sata. DPO ya ce ba za a kai shi kotu ba: mu biya mai wayar, yaron kuma ya riƙa zuwa sa hannu duk Asabar, ya kama sana'a. Baffansa ya ce wannan shagwaɓa ce, gara a kulle shi ya ji jiki. Wanne zan bi?
Wata uwa, Tudun Wada, Zariya

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah Ya shirya mana zuri'a. Abin da DPO ya yi yana kan doka. Sashe na 209 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya ba 'yan sanda damar kashe ƙaramin laifin yaro ta hanyar sulhu, biyan diyya da sa ido, ba sai an je kotu ba. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar kare yara a 2018.

Baffa ya yi haƙuri, ban goyi bayansa ba. A Amurka an gwada kai yara ziyara kurkuku don fursunoni su tsorata su, da aka bi sawunsu sai aka ga sun fi komawa laifi a kan waɗanda ba a kai ba. Yaron da ya kwana da manyan ɓarayi, darasi yake ɗaukowa.

Sai dai kada sa hannun nan ya ruɗe ki. Na san yaron da bai taɓa fashin Asabar ba, amma kullum bayan isha'i yana bakin kwalbati da abokansa na da, idanu jawur. Littafin 'yan sanda ya cika, yaro na nan jiya i yau.

Ke za ki auna da kanki. Je ki wurin da yake koyon sana'ar ba tare da sanarwa ba, ki tambayi ogansa ƙarfe nawa yake zuwa. In gareji ne, dubi hannunsa: akwai baƙin mai a farce? Su wa ke sallama da shi da magariba, sababbin fuska ko na da? In kuɗi ya shigo aljihunsa, ya iya faɗin inda ya fito?

Sati biyu na ladabi tsoro ne kawai. Ki ba shi wata shida, ki sa mai unguwa a maganar. Baffan kuma ki roƙe shi ya riƙa raka yaron ranar Asabar, su dawo tare.