Gasar ƙwallo ba ta riƙe otal a Garwa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka gina otal a Garwa, a arewacin Kamaru, saboda manyan wasanni. A ganina kar ka dogara da su. A Janairun 2022, da Najeriya ke buga Kofin Afirka a filin Roumdé Adjia, ɗaki ya yi wuya, har masu gidan haya suka shimfiɗa katifu suna karɓar baƙi. Mai tsiren unguwarmu kafin isha'i ya tashi. Tunisiya na cin Najeriya 1-0, aka watse, sai ɗakuna wayam.

Bizar intanet da gwamnatin Kamaru ta fara a 2023 ta sauƙaƙa wa baƙin waje, amma yawancinsu Duwala da Yawunde suke tsayawa. Yi lissafinka da fatake da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, kuma ka ware kuɗin man janareta tun yanzu.