Tambaya da Amsa: Ɗan yayana ya dawo daga daji, unguwa ta tsangwame shi

Tambaya: Assalamu alaikum, dan Allah shawara nake nema. Ɗan yayana ne 'yan Boko Haram suka ɗauke a ƙauyenmu yana shekara 11, a ranar suka kashe babansa. Bayan shekara 4 Allah ya kuɓutar dashi, yanzu yana hannuna a Maiduguri. Baya magana, baya barci, maƙwabta sun hana yaransu kula shi, har maigidana ya fara cewa a maida shi inda aka ɗauko shi kar ya cutar mana da yara. Shin hukuma zata iya dawowa ta kama shi? Kuma ni ya zanyi dashi?

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya jiƙan yayanki, ke kuma Allah ya saka miki da kika riƙe zumunci a inda da yawa suke zamewa.

Bari in fara da maganar hukuma tunda nasan ita ke hana ki barci. Yaron da aka ɗauke yana shekara 11, a idon doka wanda aka zalunta ne, laifin yana kan waɗanda suka ɗauke shi. Saka yaro ɗan ƙasa da shekara 15 cikin yaƙi laifin yaƙi ne a kotun duniya ta ICC, kuma mutum na farko da kotun ta taɓa samu da laifi a tarihinta, Thomas Lubanga na ƙasar Kongo, akan wannan ne, a 2012 aka yanke masa shekara 14. Sannan ƙa'idojin da aka amince dasu a Paris a 2007 basu ware wanda ya riƙe bindiga kaɗai ba, mai ɗebo ruwa, mai dafa abinci, ɗan aike, ɗan leƙen asiri, yarinyar da aka yiwa auren dole, duk sahu ɗaya suke, yara ne da ake bin al'umma bashin ta dawo dasu cikinta. A nan gida kuma a Satumban 2022 gwamnatin Najeriya ta sa hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya akan cewa yaron da sojoji suka samu a fagen daga za'a miƙa shi ga hukumomin farar hula masu kula da yara cikin kwana 7, shi yasa kike jin ana kai su cibiyar Bulumkutu a ƙarƙashin ma'aikatar mata ta Borno kafin a nemo danginsu. Toh duk takardar da aka baki ranar da aka miƙa miki shi ki adana ta kamar takardar fili, kiyi hoto ki ajiye wani wuri daban, lambar ma'aikacin jin daɗin jama'a da ya bi lamarinsa itama kar ta ɓata. Ranar da wani ya kai ƙara ko aka zo kame a unguwa, su zaki fara fitowa dasu.

Wani abu da maƙwabtanki suka manta, 'yan Kato da Gora ma sunyi amfani da yara, har sai da suka sa hannu a 2017 cewa zasu daina, kuma a Mayun 2019 kaɗai yara 894 suka sallama. Waɗancan sun koma gida ana shi musu albarka, naki ana nuna shi da baki, alhali dukkansu manya ne suka jefa su a abinda yafi ƙarfinsu.

Yanzu cikin gida. Dan Allah kar ki titsiye shi da tambaya, me ka gani, ka kashe mutum, wa ka sani a can. Kuma ki hana masu zuwa jaje suyi masa, don wallahi wasu ba jaje ke kawo su ba, labari suke nema su kai majalisa. In ya tashi faɗa da kansa zai faɗa, wataƙila kina tsinkar zogale yana gefe ya jefo magana ɗaya yayi shiru, ki saurara kawai, kar ki zabura, kar ki rafka salati ki dafe ƙirji, don fuskarki yake karanta yaga ko har yanzu shi mutum ne a wurinki. Hotonsa ma kar ya hau Facebook ko WhatsApp da sunan godiya ga Allah, waɗanda ya gudo daga hannunsu suma suna da waya.

Na taɓa aiki da wani yaro sa'ansa, watanni da takalmi a ƙafa yake kwana, a zaune, bayansa jingine da bango yana kallon ƙofa. Kakarsa tana tsintar guntun biredi da busasshen tuwo a ƙarƙashin tabarma tace ya koyi sata. Ba sata bace, yunwar daji ce bata sake shi ba. Da ta daina faɗa ta koma ajiye masa kwano a rufe tace naka ne duk sanda kaso, a hankali ya bari. Irin wannan, da firgita in salansar babur ta buga, da fitsarin kwance, da saurin hasala, duk mun saba gani, kuma duka ƙara su yake. Abinda ke taimakawa abu ne mai kamar ba komai ba, wato ranarsa ta zama da tsari, lokacin sallah, lokacin abinci, aiken da ya san nasa ne, islamiyya, ƙwallo da yamma. Ɗan shekara 15 bazai yarda ya zauna aji uku da ƙannensa ba, kunya zata kore shi, gara ki nemi ajin gaggawa na waɗanda karatu ya wuce su, ko ki haɗa shi da tela ko mai gyaran waya mai haƙuri wanda bakinsa baya yawo.

Maigidanki kuma kar ki ɗauke shi mugu, tsoro ne, kuma uba yana da haƙƙin ya ji tsoro akan 'ya'yansa. Ki bashi abinda zai kwantar masa da hankali, misali yaron ya kwana ɗaki daban da ƙanana na ɗan lokaci, wuƙa da adda a ɗauke daga tsakar gida ba tare da an nuna don shi akayi ba. Amma maida shi kam a'a, hannunka baya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma yaron da gida ya kora unguwa ta kora, mu mun san wanda ke jiransa da hannu biyu. Ki roƙi maigidan ya riƙa tafiya masallaci dashi, su tsaya sahu ɗaya, sannan ku samu bulama da limamin unguwa a keɓe ku gaya musu gaskiyar shekarunsa lokacin da aka ɗauke shi. Ranar da liman ya miƙa masa hannu a gaban jama'a ko ya aike shi siyo wani abu, rabin tsegumin ya mutu.

In kika ji yana maganar mutuwa ko komawa daji, ko ya daina ci kwata kwata, ko yana jiwa kansa ciwo, ko kika ga alamar ƙwaya, wannan ya wuce na gida, ki kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke nan Maiduguri, addu'a da tofi suna tafiya, likita ma yana nasa. Baki ambaci mahaifiyarsa ba, in har ba'a san inda take ba ki je ofishin Red Cross ki bada sunanta da sunan ƙauyenku da shekarar da aka rabu, suna da sashen haɗa iyalan da rikici ya raba kuma kyauta ne.