Makon Farko a Donostia: Me Za a Fara Biya, Me Za a Jinkirta?

Wasiƙu huɗu muka haɗa wannan karon, duk a kan San Sebastiyan, birnin da mutanensa ke kira Donostia. Yana bakin teku a yankin Bask na arewacin Sifaniya, kimanin kilomita 20 daga iyakar Faransa.

Na samu gurbin digiri na biyu a Jami'ar Yankin Bask (UPV/EHU), zan sauka a watan Satumba. Na ga ɗaki mai araha a intanet, mai gidan ya ce in turo kuɗin ajiya ya riƙe mini. In tura? — wani ɗalibi daga Kano

Ɗan'uwa, kada ka tura ko sisi. Donostia na cikin biranen da haya ta fi tsada a duk Sifaniya, don haka ɗaki mai arha ainun a unguwar Gros ko Antiguo abin tuhuma ne. Kama masauki na kwana biyar zuwa bakwai, ka je ka ga ɗakin da idonka. Amma ka kama shi da wuri, domin a Satumba ake bikin finafinai na birnin, masaukai kan cika, kuɗinsu ya tashi.

Idan ka shiga ɗakin, kafin ka tambayi kuɗi, fara tambayar mai gidan ko zai ba ka rubutacciyar yarjejeniya kuma ya yarda ka yi rajistar zama da adireshin. Wannan rajista ita ce *empadronamiento*, a ofishin hukumar birni ake yin ta, da fasfo da takardar haya. Nan ne da yawa suke tuntuɓe: su biya ɗaki a hannun wani ɗan haya da ya sake ba su hayarsa a ɓoye, sannan ya ƙi sa hannu don kada mai gida ya gane. Ita kuwa takardar rajistar ana iya neman ta a wurin yin katin zama na baƙi, wato TIE, wanda duk ɗalibin da zai wuce wata 6 sai ya nema cikin wata guda da shigowarsa. Ana zuwa ofishin 'yan sandan ƙasa ne bayan an kama rana ta intanet, da fom EX-17, da hoton fasfo, da shaidar rajistar makaranta, da rasiɗin fom 790 lamba 012 wanda ake biya a banki, bai kai yuro 20 ba. Ranakun ganawar kan yi wuyar samu, saboda haka fara nema tun daren da ka sauka, ka kuma ajiye shaidar neman.

Sai ka karanta yarjejeniyar da kyau. Gidajen ɗalibai da yawa daga Satumba zuwa Yuni ake ba da su, a Yuli da Agusta a mayar wa masu yawon buɗe ido. Idan kundin bincikenka zai kai ka waɗannan watanni, ka san da haka tun yanzu. Kuɗin ajiya, *fianza*, na wata 1 ne a hayar zama ta dindindin, na wata 2 a hayar ɗan lokaci. Karɓi rasiɗi, ka ɗauki hoton bango da katifa da bandaki ranar shiga. Tambayi ko *gastos incluidos* ne, wato wuta da ruwa da gas na cikin kuɗin. Duba bayan kabad da kusurwar taga: baƙin tabo alamar danshi ne, kuma ɗaki mai danshi zai cinye maka kuɗin wuta wajen ɗumama shi.

Harabar jami'arka tana Ibaeta, kusa da Antiguo. Idan aljihu bai kai can ba, duba unguwannin Amara da Egia da Intxaurrondo, ko garuruwan Errenteria da Pasaia da Lasarte, waɗanda jirgin ƙasa na Euskotren ke bi.

'Yata ce za ta tafi. Ina so in saya mata manyan rigunan sanyi da bargo tun daga gida. Guda nawa? — wata uwa daga Zariya

Hajiya, Allah ya kai ta lafiya. Ruwa ya fi sanyi zama matsala a can. Birnin na samun ruwan sama wajen milimita 1,500 a shekara, kuma sau da yawa wani yayyafi ne siriri da suke kira *sirimiri*, wanda kan wuni yana zuba. Dusar ƙanƙara ba kasafai ba. Katuwar rigar ulu idan ta jiƙe sai ta kwana biyu ba ta bushe ba a ɗaki. Abin da take bukata shi ne rigar ruwa guda mai hula wadda ke tare iska, da takalmi sau-ciki wanda ruwa ba ya shiga, da rigunan sanyi marasa nauyi biyu ko uku da za ta riƙa ɗorawa a kan juna. Rigar ruwan da takalmin ta saya a can, inda za ta gwada. Ƙaramar lema mai naɗewa iskar teku kan karya ta a bakin tekun Zurriola.

A bar bargo, nauyi ne kawai. Gurbinsa a jaka a sa mayafai da hijabai masu saurin bushewa, da adafta biyu, domin soket ɗin can mai ramuka biyu zagayayyu ne, filoginmu mai baki uku ba ya shiga.

Keke zan saya ko katin bas? — wani ɗalibi

Katin Mugi tukuna. Da shi ake shiga bas ɗin birni na Dbus, da na Lurraldebus mai zuwa ƙauyuka, da jirgin Euskotren. Iri biyu ne: marar suna, wanda za ka saya ranar farko, da mai suna da hoto, wanda kuɗin tafiya ke raguwa a kansa gwargwadon yawan hawanka a wata. Mai zuwa aji kullum na biyun ya kamata ya nema. Keke kuwa ka jira ka ga watan Nuwamba. Idan har ruwan bai hana ka ba, birnin na da hanyoyin keke masu kyau. In za ka bi jirgin zuwa Hendaya, ka tuna Faransa ce, riƙe fasfonka.

Yaya zan yi da abinci? An ce komai nasu da naman alade. — wata ɗaliba daga Maraɗi

'Yar'uwa, ba komai ba, amma sai da lura. Haddace waɗannan kalmomi: *cerdo, jamón, chorizo, txistorra, panceta, tocino, lomo, morcilla*. A jikin biskit da burodin leda ki nemi *manteca de cerdo*, wato kitsen alade, a alewa kuma *gelatina*. Miyar wake ma sau da yawa da chorizo ake dafa ta ko da ba ki gan shi a kwano ba, don haka ki tambaya: *¿lleva cerdo?* Lemon tufa da suke kira *sidra* ko *sagardoa* giya ce, haka ma *txakoli*; *mosto* shi ne ruwan inabi marar barasa.

Sauƙin garin shi ne kifi. A kasuwannin La Bretxa da San Martín za ki samu sabo, a kuma gyara miki. Wainar ƙwai da dankali, *tortilla de patatas*, na ƙosarwa. Nama kuwa sai shagon da aka rubuta *carnicería halal*. Shinkafa da mai da tumatir ki saya a Eroski ko Lidl ko Mercadona; tukunya ɗaya da kasko ɗaya sun isa, bayan kin duba abin da ke kicin ɗin gidan.

Ki yi cefanen mako ranar Asabar, domin a yankin Bask manyan kantuna a rufe suke ranar Lahadi da ranakun hutu. Idan mai shago ya miƙo miki canji, ce masa *eskerrik asko*, wato na gode da Euskara, harshen mutanen Bask. Wurin cike kwasa-kwasai ma ki duba da kyau, jami'ar gwamnati na koyar da darussa da yawa a rukuni biyu, na Sifaniyanci da na Euskara, kuma harsunan biyu ba su da dangantaka ko kaɗan.