Kiɗa ɗaya, mawaƙa barkatai: wa ya saci na wani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Don Allah a warware min wannan. Na daɗe ina jin Get Busy ta Sean Paul, sai kwanan nan na ci karo da No Letting Go ta Wayne Wonder, wallahi kiɗan iri ɗaya sak har tafin da ke ciki. To wa ya saci na wani? Kuma ya aka yi ba su je kotu ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, babu ɓarawo a cikinsu. Kiɗan da ka ji sunansa Diwali, wani furodusa Steven Marsden da ake ce wa Lenky ne ya haɗa shi a 2002, su biyun duk hawa suka yi. A Jamaika irin wannan kiɗan da ba murya a kai shi suke kira riddim, furodusa ne mai gida, mawaƙa kamar 'yan haya, kowa ya shiga ɗakinsa ya yi abin da ya iya.

Abin ya samo asali ne daga sound system, wato tulin manyan sifiku da ake jerawa a fili a Kingston ana kwana ana rawa. Faifan garmaho na da, gabansa waƙa ce, bayansa kuma kiɗan zalla. Sai mai zaɓen faifai ya juya bayan, mai riƙe da makirufo, wanda su shi suke kira deejay, ya hau kai ya yi ta zuba baiti. Kiɗa bai canza ba, don haka nan take jama'a za su gane wa ya fi wani, ba wurin ɓuya. In baiti ya yi daɗi sai a ɗauki ihu, a tsayar da faifan a maido shi farko, wani lokacin sau uku sau huɗu kafin a bar shi ya wuce.

Ni dai in za a tambaye ni kiɗan da ya fi girgiza harkar, Sleng Teng zan ce. Wayne Smith da abokinsa Noel Davey ne suka tsinci kiɗan a cikin wani ɗan ƙaramin kibod Casio MT-40, abin da ya fi kama da kayan wasan yara, suka kai wa furodusa Prince Jammy a unguwar Waterhouse, ya rage masa gudu ya gyara shi. A Fabrairun 1985 Jammy ya saka shi a karawar da ya yi da sound system ɗin Black Scorpio a titin Waltham Park, wuri kuwa ya kaure. Daga nan fa masu situdiyo suka gane ba lallai sai ka biya mai ganga da mai jita ba, kowa ya koma na'ura, mawaƙa suka yi ta rububin hawa kiɗan, irin su Tenor Saw da waƙarsa Pumpkin Belly, har waƙoƙin da aka yi a kansa suka kai ɗaruruwa. Abin da ke ba ni dariya, wadda ta tsara ainihin kiɗan a cikin kibod ɗin wata ma'aikaciyar Casio ce 'yar Japan, Hiroko Okuda, kuma ita ma ashe mai son reggae ce tun tana ɗaliba.

Batun kotu kuwa, ba Sean Paul da Wayne Wonder ne za su ja da juna ba tunda mai kiɗan ne ya gayyace su. Inda rigima ke tashi shi ne in wani furodusan ya sake buga kiɗan ya sa sunansa.