Amsa kan sauya keken hawa tsauni mai batir da sabon samfuri

Malam, ka tambaya ko ya dace ka sayar da kekenka na hawa tsauni mai aiki da batir ka sayi sabon samfuri, tunda cajinsa ya daina kai ka Dutse daga ƙauyenku ya dawo da kai. Shawarata ita ce kada ka sauya keken matuƙar injinsa da birkinsa lafiya suke. Batirin ne ya gaji, shi kaɗai za ka canza.

Batirin lithiyam yakan rage ƙarfi bayan an cika shi kamar sau 500 zuwa 1000, kuma zafin bazara a nan Jigawa, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana gaggauta lalacewarsa, musamman idan ana yi masa caji da tsakar rana a shagon kwano, kamar yadda nake gani wurin masu cajin sola a kasuwarmu. Amma idan kamfanin ya daina ƙera batirin da ya dace da injinka, to sayen sabon keke ya zama dole, kuma kafin ka biya kuɗi ka tabbatar akwai mai gyaransa da kayan gyaransa a Kano.